Yinin birni: Yadda ɗan Boɗinga ko Shagari zai wuni a Sakkwato ya koma gida lafiya

Idan kai ɗan Boɗinga ne, ko Shagari, ko wani ƙauye da ke bakin titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, ka san wannan saƙon da ke shigowa waya da daren Juma'a: "Gobe mu tai birni?" Kafin a yi sallar Isha'i mutum biyar sun ce "awo". Kafin gari ya waye biyu sun zame, ɗaya an tura shi gona, ɗaya kuma aljihu ya hana. Ku ukun da kuka rage sai ku kama hanya ba tare da kun tsayar da inda za ku ba, ku ƙare a zaune ƙofar shagon wani abokinku kuna latsa waya har rana ta faɗi, ku dawo da gajiya da bashin kuɗin mota.

Birnin Shehu ya fi ƙarfin wannan. Daga Boɗinga tafiyar kusan rabin awa ce a mota, daga Shagari kuma ba ta cika wuce awa ɗaya ba in hanya ta yi daɗi. Amma kusancin ne ya sa muke raina shi. Mutum zai taso daga Legas ko Yamai takanas domin ya ga abin da kai kake wucewa a kan kabu-kabu ko waiwaye ba ka yi. Ga yadda za ku tsara yini guda, daga Azahar zuwa bayan Magariba, ku ji daɗinsa kuma kowa ya kwana a ɗakinsa.

Lissafi tun daga gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, fita yawo ta daina zama abin da ake yi da canjin da ya rage a aljihu. Kuɗin mota ya tashi, na kabu-kabu ya bi shi, tsiren da kake saye a da ya ƙanƙance a kan tsinke. Don haka maganar kuɗi a yi ta tun kafin a hau mota, ba sai mai nama ya miƙo takarda kowa ya fara kallon sama ba.

Abu na farko, ware kuɗin komawa gida ka sa shi a wani aljihu daban, ka ɗauka ba naka ba ne. Na biyu, ku yi karo-karo: kowa ya ajiye abin da zai iya, a damƙa wa mutum ɗaya mai riƙon amana ya riƙa biya. Wannan yana rufa wa wanda ba shi da yawa asiri, domin ba a kan idon mai shago za a gane wa ya fi wa ba. A kowace ƙungiyar abokai akwai wanda babansa ke da shago a kasuwa, akwai kuma wanda sai da ya yi kwana biyu yana ɗaurin albasa kafin ya haɗa kuɗin fitar. In tsarin yinin ya zama sai mai hali ne zai iya bi, to a hankali za ku ga wasu sun daina amsa kira.

Ka kuma riƙe tsabar kuɗi ko yaya. Duk wanda ya ga wahalar canjin takardun Naira a farkon 2023 ya san taransifa ba ta da alƙawari. Direba a tasha ba zai tsaya jiran sabis ya dawo ba, mai POS kuma sai ya cire nasa.

Sannan ka faɗa a gida. Ba ƙanƙanci ba ne saurayi ɗan shekara 22 ya ce, "Inna, za mu shiga birni da su wane, in sha Allahu kafin Isha'i muna gida." A halin da ake ciki yanzu, wannan jimlar ita ce bambanci tsakanin uwa ta yi barci da ta kwana a tsakar gida tana jiran motsin ƙofa.

Hanyar da kake bi kana gyangyaɗi

Yawon yana farawa ne tun daga mota. Kai ɗan Shagari, ka taso daga garin da ya haifi shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko da aka zaɓa a Najeriya, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a Disambar 2018, aka kuma rufe shi a garin nasu. Malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, shi ya sa sunan da kwalejin horar da malamai ta Sakkwato ta ɗauka ya dace da shi.

Kai kuma ɗan Boɗinga, ƙasarku ce ta karɓi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bayan ƙurar yaƙi ta lafa. A Sifawa ya zauna yana karantarwa yana rubutu na wasu shekaru, kafin ya koma Sakkwato wajen 1815, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna a Boɗinga a wannan zamanin. Ke nan tafiyar da kake yi daga gida zuwa birni, kusan ita ce Shehu ya yi a ƙarshen rayuwarsa. In wani ɗan birni ya kira ka baƙauye, ka tuna masa cewa Shehu ya zauna a wajenku kafin ya zauna a wajensu.

Kana matsowa kusa za ka wuce mahaɗar filin jirgin sama na Sultan Abubakar na III, daga nan gidaje su fara yawa, hayaniya ta ƙaru, ka san an iso.

Bayan Azahar: cikin tsohon gari

Sakkwato gari ne mai zafi, wannan ba sai an gaya maka ba. Tsakanin Maris da Mayu ma'auni kan haura 40, kuma yawo da ƙafa da ƙarfe biyu na rana a irin wannan lokaci neman ciwo ne. Lokacin da ya fi daɗin fita shi ne na hunturu, Disamba zuwa Janairu, ko bayan an yi ruwa a damina. In dole sai da bazara, ku sayi ruwa, ku nemi inuwa, ku bar tafiyar ƙafa sai La'asar.

Ku fara da sallar Azahar a Masallacin Shehu ko na Sarkin Musulmi Bello, dukansu suna cikin tsohon gari. Daga nan Hubbare ba nisa. A nan kabarin Shehu yake, a nan kuma aka rufe 'yarsa Nana Asma'u, malamar da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara. Da yawa suna zaton Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin a 1809, shi ma yana nan. A Wurno kabarinsa yake, can ya rasu a 1837. Wurin ziyara ne, za ka tarar da dattawa da mata daga nesa, har daga Nijar. Ku rage murya, ku cire takalmi inda aka ce a cire, kada kuma ku ɗaga waya a fuskar mutane ba da izininsu ba.

Fadar Sarkin Musulmi tana kusa. Mai Alfarma Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon a Nuwamban 2006, shi ne na 20 a jerin. Ko ba ku shiga ba, tsayawa a ƙofar fada ka ga dogarai da jajayen kaya da masu zuwa gaisuwa abin kallo ne.

In ranar aiki kuka zo, kada ku bar gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu, da kayan yaƙi, da wasiƙun sarakuna. Ma'aikatar gwamnati ce, don haka ku je da wuri kafin a tashi. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kansa zai iya fita daga nan da batu a hannu.

Ga wani ɗan wasa da za ku yi a hanya: a tambayi kowa ya lissafa ƙofofin Sakkwato. Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kware, Ƙofar Aliyu Jeɗo. Wanda ya kasa kawo biyar shi ne zai sayi ruwan sanyi. Ganuwar ta daɗe da rushewa, sunayen dai suna nan a bakin kowane ɗan kabu-kabu.

Kasuwa: ido ya ci, aljihu ya huta

Babbar kasuwar Sakkwato, wadda ita ma ke ɗauke da sunan Shehu Shagari, ta yi mummunar gobara a Janairun 2021, 'yan kasuwa da dama suka yi asarar abin da suka tara shekara da shekaru. Duk da haka ciniki bai mutu ba. In kana son ganin tsohon salon kasuwanci, ka leƙa Tsohuwar Kasuwa, ko ka gangara Kara inda ake cinikin dabbobi da hatsi.

Abin da ya kamata ka nema shi ne aikin fata. Jar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya saboda laushin fatarta. Shekaru aru-aru fatake suna ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta ƙetara Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Har gobe dukawa suna nan suna ɗinka takalma, jakunkuna da titimi. Ka tsaya ka gaishe su, ka kalli yadda hannu ke aiki. Ƙaramar alabe ta fata ba za ta karya ka ba, kuma ta fi tsarabar roba daɗewa.

A kasuwa wayarka ta koma aljihun gaba. Cunkoso ba ya tambayar daga ina ka zo. In za ka sayi waya ta hannu, kada ka saya a tsaye a bakin titi don an ce maka araha. Ka shiga shago, a ba ka rasit mai suna da lamba. Samari da yawa sun kwana a ofishin 'yan sanda saboda wayar sata da suka saya ba su sani ba.

Haka kuma kabu-kabu da Keke, wadda Sakkwatawa ke yi wa laƙabi da agwagwa da buje: ku yi ciniki kafin a hau. Ku uku a Keke ɗaya ya fi muku sauƙi a kan babura uku, ya kuma fi goyon biyu aminci.

La'asar sakaliya: Giginya ko bakin gulbi

Rana ta yi sanyi, gari ya fara daɗi. A nan kuna da zaɓi biyu.

Na farko filin wasa na Giginya. Yawancin matasa sun san shi a matsayin gidan Sokoto United da wurin taron siyasa. Sunan kuwa na tunawa ne da fagen da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na I suka kara da sojojin Turawan Ingila a ranar 15 ga Maris 1903. Bindiga mai ruwan harsashi ta rinjayi takobi da mashi, Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, a watan Yulin shekarar. In ka zauna kana kallon yara suna atisaye, ka tuna daga ina sunan ya fito. In an yi sa'a akwai wasa, kuɗin shiga kallon ƙwallon gida ba ya kai na wani abin da kake kashewa a data.

Na biyu hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Titin da ke zuwa mazauninta na dindindin yana ratsa fadamar gulbin Rima. Da rani za ka ga kore shar ta ko'ina: albasa, tumatir, shinkafa, masu ban-ruwa suna ta fama da injin. Faɗuwar rana a nan tana da kyau, kuma kyauta ce. Wannan hanyar ce ambaliyar 2010 ta yanke, har sai da karatu ya tsaya.

Gargaɗi ɗaya: kallon ruwa daban, shigarsa daban. Mutanen Shagari ba su manta da hatsarin kwalekwalen Gidan Magana na Afrilun 2022 ba, wanda ya ci rayuka 29, mafi yawansu matasa. Kada wani ya ce zai burge abokai da iyo a ruwan da bai san zurfinsa ba.

Magariba: lokacin ciki

Ku yi sallah a masallacin da ya fi kusa, sannan a nemi abinci. Da zarar an sallame, hayaƙin masu tsire da balangu ke tashi a manyan tituna irin su Ahmadu Bello Way da Emir Yahaya, da shiyyoyi kamar Gawon Nama, Mabera da Runjin Sambo. Mai shayi ya jera gwangwanayensa, mai masa ta ɗora tanda, mai awara tana gefe. Hura da nono kuwa ba a zo Sakkwato ba in ba a sha ba, sai dai ka duba tsabtar ƙwarya da ruwan da aka dama da shi.

Akwai sababbin wuraren cin abinci masu sanyin na'ura da fitilu masu launi, inda faranti ɗaya zai iya cinye kuɗin motarka na zuwa da dawowa. Ba laifi ba ne shiga in da hali. Laifin shi ne shiga da kuɗin aro domin a ɗauki hoto a ɗora a WhatsApp. Hoton zai ɓace bayan awa 24, mai bin ka bashi kuwa zai same ka a majalisa ranar Litinin. Daidai ruwa daidai tsaki. Balangu a takarda, da albasa da yaji, kuna zaune a benci kuna gardamar Barcelona da Madrid, shi ne irin zaman da ake tunawa bayan shekaru.

A irin wannan lokacin ne kuma wani zai iya cewa, "Mutumina, taho in kai ku wani waje." Ka tambaya wane waje ne. Shaye-shayen ƙwaya da maganin tari ya lalata samari da yawa a Arewa, kuma kusan kowa ya fara ne da rakiya. Hisbah da 'yan sanda da jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi suna kai samame, kuma ranar da aka zo kamu ba a tambayar wa ya sha wa ya zo kallo. Abokin da ya ji haushi don ka ce ba ka zuwa, ka rage masa matsayi.

Ke ma wannan yinin naki ne

'Yar'uwa, kada ki ɗauka wannan shafi na maza ne kawai. Ɗalibai mata daga Boɗinga da Shagari suna cike da manyan makarantun Sakkwato, kuma fita da ƙawaye zuwa kasuwa, ko ziyarar Hubbare, ko gaishe da 'yan'uwa abu ne da aka saba. Sai dai lissafinki ya fi na namiji tsauri. Ki fita da sanin gida, ku tafi a ƙungiya, ku ɗauki Keke ɗaya, kada a bar ɗaya a baya. Kada ki shiga motar wanda ba ki sani ba don ya ce zai rage miki hanya. Ku kammala da La'asar, ku kama hanyar gida da sauran rana. In akwai gidan gwaggo ko yaya a birni, a sanar da su kuna gari, ko da ba za ku biya ba.

Ku kuma samari, in kun haɗu da 'yan matan garinku a tasha da yamma, ku bar su su fara samun wuri a mota. Ƙannenku ne.

Komawa gida

Nan ne yini ke gyaruwa ko ya ɓaci. Shekarun baya matsalar 'yan bindiga a gabashin jihar aka fi jin ta, wajen Isa, Sabon Birni, Goronyo da Rabah. Yanzu ta taɓa ƙauyukan kudu ma, har da na Shagari da Tureta. Babban titi yana da motoci da shingayen jami'an tsaro, amma in gidanku sai an sauka an sake hawa babur an shiga daji, to lissafinka ba ɗaya ba ne da na wanda gidansu ke bakin kwalta. Ko ba 'yan bindiga, titin nan manyan motoci ne ke bin sa da dare, ga masu fitila ɗaya, ga dabbobi masu tsallakawa.

Don haka ku tsayar da lokacin tashi tun da rana, kuma wanda gidansu ya fi nisa shi ne ma'auni. Ɗan cikin garin Boɗinga zai iya cin tsirensa bayan Magariba ya kama mota. Ɗan Shagari ya kamata a ce yana cikin mota da an sallame. Wanda zai shiga ƙauye kuwa, ya bar birni tun La'asar, ko ya shirya kwana tun farko. Wasan Turai da ake bugawa ƙarfe tara na dare ka kalle shi a gidan kallon garinku.

Ku hau mota a tasha, inda aka san direba aka san lambar motarsa. Ka bar caji a wayarka domin hanya, kada hoto da TikTok su cinye shi tun da rana. Ka riƙe katin shaida, na makaranta ko na ɗan ƙasa, saboda shingaye. In dare ya riga ya yi muku, kada a yi jarumta. Ka kira gida ka ce, "Baba, dare ya yi, zan kwana wajen Kawu, da safe in taho." Faɗan da za a yi maka gobe ya fi sauƙi a kan abin da ake gudu.

In kowa ya sauka, a tura saƙo a rukunin: "Na iso." Wanda bai turo ba a kira shi.

Abin da za ka koma da shi

A 1824 wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Hugh Clapperton ya ratso Sahara ya zo Sakkwato domin ya gana da Sarkin Musulmi Bello. Ya sake dawowa, ya rasu a nan a 1827. Watanni ya yi a hanya kafin ya ga garin da kai kake isa kafin shayinka ya huce.

Ba sai kun zagaye duk wuraren nan a rana ɗaya ba. Ku zaɓi biyu ko uku: wannan Asabar Hubbare da wajen dukawa, wata mai zuwa Giginya da balangu, lokacin hutu kuma gidan Waziri Junaidu. Ku ja ƙaninku ɗan sakandare wanda bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba, ku bi da shi ta can ya gani da idonsa. Wataƙila wannan fitar ce za ta sa ya dage ya cike JAMB.

In saƙon "mu tai birni" ya shigo wannan makon, kafin ka amsa ka tambayi abu uku: ina za mu, nawa kowa zai kawo, ƙarfe nawa za mu juyo. In an samu amsarsu, a sa hula a kama hanya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.